Yanda zaka ɗauki hoton Jupita da Satun da watanninsu da ɗan teleskop ɗinka

Duk wanda ya taɓa leƙa Satun ta teleskop a karon farko yasan abinda ke biyo baya, hannu ne zai tafi aljihu da kansa ya zaro waya. Ka kara kyamarar a bakin gilashin ido, kayi ta lalube har hasken ya faɗo, ka danna, kana dubawa sai kaga wani farin ɗigo kamar an ɗiga fenti a kan baƙin allo, ba zobe ba komai. Nima haka na fara, na daɗe ina zargin wayar, daga baya na koma zargin teleskop ɗin, alhali duk cikinsu ba mai laifi. Iska ce ta cuce ni, sai kuma rashin sanin cewa masu wannan harkar ba hoto suke ɗauka ba, bidiyo suke ɗauka.

Bari in fara da wannan ɗin don in ka fahimce shi sauran duk mai sauƙi ne. Hasken da ke tasowa daga Jupita, wadda a littattafan malamai ake kira Mushtari, yana tafiyar wajen minti 35 kafin ya iso mana lokacin da take kusa, kuma duk tsawon tafiyar nan ba abinda ya taɓa shi sai a ƙarshen ƙarshe da ya shigo iskar duniyarmu, ita kuwa hawa-hawa take, wani sashe da ɗumi wani da sanyi suna ta cakuɗa, kowanne yana lanƙwasa hasken ta nasa gefen. Kamar dai ka jefa tsabar kuɗi cikin ruwa mai motsi kace zaka karanta rubutun jikinta. Amma in ka zuba ido sosai zakaga lokaci zuwa lokaci ruwan yana ɗan lafawa na ƙiftawar ido, rubutun ya fito ras sannan ya sake narkewa. To dabarar kenan gaba ɗayanta, ka ɗauki hotuna dubu goma ko dubu ashirin a jere da sauri, kwamfuta ta tace maka waɗanda suka faɗo a lokacin lafawar, ta ɗora su kan juna su zama hoto ɗaya. Turawa ma sunan da suka sa wa abin yana nufin ɗaukar sa'a ne, kuma sun yi gaskiya.

Sannan ka sani abin da kake farauta ƙarami ne fiye da yanda kake zato. Ana auna girman abu a sama da aksakan, wato kashi ɗaya cikin 3600 na digiri. Cikakken wata faɗinsa wajen aksakan 1800 ne, Jupita in ta cika ta batse 45 zuwa 50, kaga kenan sai ka jera Jupita kusan arba'in kafin ka ƙetare fuskar wata. Satun ba zobe 18 zuwa 20 ne, da zobenta ta haura 40, Mars kuwa a mafi yawan lokuta ko 10 bata kaiwa.

Kayan aiki

Faɗin bakin teleskop shi ne komai, ba yawan lambar ƙara girma da ake bugawa a jikin kwali ba. Akwai wani lissafi da ake jinginawa ga William Dawes, ka raba 116 da faɗin bakin a milimita, abinda ya fito shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai iya rarrabewa. Mai milimita 100 zai baka aksakan 1.16, mai 200 kuma 0.58. Da mai 90 ko 100 zaka samu manyan ɗamarun Jupita guda biyu, wato layukan gajimare masu duhu da suka zagaye ta, da zoben Satun, daga 150 zuwa 200 ne abin yake fara daɗi, inuwar watanni ta fito baƙa ƙirin, tsagar zobe ta fito. Ko wane irin teleskop ne, Dobson ko Maksutov ko Schmidt-Cassegrain, duk suna yi, kar wani ya ruɗe ka. Bambancin kawai in mariƙin naka bashi da injin bin sama to zaka sha turi da hannu, domin sama tana juyawa da aksakan 15 duk sakan ɗaya, kafin ka gyara zama duniyar ta fice daga allo. Ana yi a hakan fa, ka ajiye ta a gefe ɗaya ka barta ta ratsa, ka tsayar, ka dawo da ita, ka sake, daga baya a haɗe guntayen. Wahala ce amma ana samun hotuna masu kyau.

Kyamara kuma, waya zata iya fara maka in ka samu maƙalin da zai riƙe ta daram a kan gilashin ido, ka kulle fokas, ka rage haske da hannu har sai ɗamarun sun bayyana, ka ɗauki bidiyo. Matsalarta tana matse bidiyo don ya rage nauyi, kuma abin da take zubarwa a matsewar shi ne daidai ƙananan bayanan da kake nema. In harkar ta shiga ranka, ƙaramar kyamarar duniyoyi zaka nema, irin waɗanda ZWO da QHY da Player One suke yi, ana cusa ta inda gilashin ido yake shiga a jona da laftof ta USB 3. Mai kala ka ɗauka don Allah, bar batun mai baƙi da fari da filtoci uku sai hannunka ya faɗa. Ka saka mata filta mai tare hasken UV da IR, wato hasken da ido baya gani, a baki, in ba haka ba kalar zata fito wani ja-ja kuma hoton yayi laushi.

Ga wani ɗan lissafi da zai raba ka da sayen abin da baka buƙata. Ka duba girman fiksel ɗin kyamararka a maikron, ka ninka da 5, abin da ya fito shi ne lambar f da ya kamata teleskop ɗinka ya kai, ita kuwa lambar f tsawon fokas ne in ka raba shi da faɗin baki. Misali kyamarar ASI662MC fiksel ɗinta 2.9 ne, sau 5 ya zama 14.5. In kana da Dobson mai baki 200 da tsawon fokas 1200, wato f/6, gilashin Barlow, wanda ke ninka tsawon fokas, mai ninki 2.5 zai kai ka f/15, shikenan ka dace. A haka kowane fiksel zai ɗauki aksakan 0.2, Jupita zata zauna a fiksel wajen 225. Zakaga kamar tayi ƙanƙanta, zuciyarka zata ce ƙaro Barlow mai ninki 5. Kar ka biye mata. Na gwada, abin da na samu ƙatuwar ƙwallo ce mai duhu mai dishi-dishi, bayanin da bakin teleskop bai kamo ba babu gilashin da zai ƙirƙiro maka shi. Wanda kuma yake da Schmidt-Cassegrain f/10 da kyamara mai fiksel 2.0 kamar ASI678MC, shi ko Barlow ɗin ma baya buƙata.

Wane dare

Kowace duniya da ta fi mu nisa da rana tana da lokacin da duniyarmu ke shiga tsakaninta da rana, a lokacin ne tafi kusa, tafi girma, ta fito da faɗuwar rana ta kwana a sama. Na Jupita yana zagayowa duk wata 13, na 2026 ya faɗo 10 ga Janairu, mai bi masa Fabrairun 2027. Satun duk shekara da kamar sati biyu, 21 ga Satumban 2025 sai 4 ga Oktoban 2026. Wata biyu kafin ranar da wata biyu bayanta duk kaka ce, ba sai ranar kaɗai ba. Ka sauke manhajar Stellarium, kyauta ce, zata nuna maka inda kowacce take da ƙarfe nawa zata kai ƙololuwarta, kuma wannan lokacin na ƙololuwa shi zaka kama, saboda in tana ƙasa-ƙasa kusa da bakin sama hasken yana ratsa iska mai kauri ninki biyu ko uku. Ƙasa da digiri 30 yawanci asarar barci ne. Akwai kuma wata cutar ta ƙasa-ƙasa, iska tana raba kala kamar bakan gizo, sai kaga gefe ɗaya na duniyar shuɗi ɗayan ja, maganinta wata 'yar na'ura mai gilasai biyu da ake kira ADC, amma in duniyar ta haura digiri 60 ba lallai ka damu da ita ba.

Abin da zai baka mamaki, daren da taurari suke ƙyalƙyali kamar ana kunna su ana kashewa, wanda kowa zai ce kai yau sama tayi kyau, shi ne mafi munin dare ga mai ɗaukar duniyoyi. Ƙyalƙyalin nan iska ce ke dambe a sama. Daren da kake so shi ne wanda komai yayi tsit, ganye baya motsi, taurari sun tsaya cak, ko da akwai ɗan hazo-hazo ba laifi. Hasken fitilun gari kuwa ko a jikin Jupita, tana da hasken da ya ishe ta, a tsakiyar birni ma ana ɗauka, haka farin wata baya hanawa. Abin da zai hana ka shi ne rufin gini da ya sha rana yana fitar da zafi, ko kwalta, ko bakin na'urar sanyaya ɗaki, kar ka yarda ka hango duniya ta saman ɗayansu. Ta taga daga cikin ɗaki kuwa kar ma ka fara.

Kafin ka danna komai

Fitar da teleskop waje tun da wuri, aƙalla minti 45 zuwa awa ɗaya, babba ma fiye da haka, madubin ya huce yayi daidai da iskar waje. Madubi mai ɗumi yana tada 'yar guguwarsa a cikin bututun, kai kana zagin sama ashe a gidanka matsalar take.

Sai saitin madubai, wanda shi ne abin da sababbi suka fi gudu kuma shi yafi kashe hoto. Nemi tauraro mai matsakaicin haske kusa da inda duniyar take, ka kawo shi tsakiyar allo, ka ɗan kauce daga fokas har ya zama zobe mai baƙin rami. In ramin yana tsakiya cif, zobban sun zagaye shi daidai, ka wuce. In ya karkata gefe, ka taɓa sukurorin saiti kaɗan-kaɗan, ba juyi guda ba, ɗan motsi kamar kashi ɗaya cikin takwas, ka dawo da tauraron tsakiya ka sake dubawa. Na yi kaka guda cur ina ɗaukar Jupita tana fitowa da wani gefe kaifi wani gefe kamar an shafa da yatsa, na canza kyamara na canza manhaja, ashe sukuro ɗaya ne yake neman kwata na juyi. Ranar da na gyara sai da naji kamar in yi kuka don haushin dararen da suka tafi. Masu teleskop na gilashi zalla da yawancin Maksutov sun huta da wannan.

Shigar da duniyar cikin allon kyamara ma wani yaƙi ne a daren farko, domin filin da take gani ɗan mitsitsi ne. Saita ɗan madubin jagora tun da rana a kan wani abu mai nisa, nesa da inda rana take. Da dare ka fara kawo duniyar tsakiya da gilashin ido, sannan ka zare ka saka kyamara, ka buɗe hasken sosai yanda ko ta kauce daga fokas zakaga wani ƙaton faifai mai haske ka bi shi.

Fokas kuwa kar kayi masa gaggawa. Ƙara girman hoton a allo, ka wuce wajen da kake ganin yayi, ka dawo, ka sake wucewa ta ɗaya gefen, ka riƙa sakin hannu kana jira girgiza ta kwanta kafin ka yanke hukunci. A Jupita ni watanninta nake dubawa, in Io ko Yurofa ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta to an zo wajen, sannan in tabbatar da gefen ɗamara. Duk bayan rabin awa ka sake dubawa, dare yana sanyi ƙarfe yana tsukewa fokas yana gudu. Ka riƙa haska gilashin gaba kuma kana duba raɓa, in hoto ya fara dusashewa a hankali ba dalili yawanci ita ce.

Ɗaukar kanta

Manhajar ɗaukar bidiyon FireCapture ce ko SharpCap, duk wadda tayi maka. Zaɓi tsarin SER, 8 bit, ɗanye ba tare da an fassara kalar ba. Ka yanke filin ɗauka ya zama ɗan akwati da ya zagaye duniyar, kamar 400 sau 400, wannan shi ke sa gudun ya tashi daga hoto 50 zuwa 150 ko 200 a sakan. Tsawon buɗin kowane hoto a Jupita milisakan 5 zuwa 8, Satun da yake ta fi duhu 10 zuwa 20, Mars 3 zuwa 5. Sai ka ɗaga gein, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, har jadawalin haske ya kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, kar ya taɓa ƙarshe, abin da ya ƙone fari ya tafi kenan ba mai dawo da shi. Hoton da zaka gani a allo zai yi yashi-yashi mummuna, kar hankalinka ya tashi, ɗorawa ce zata wanke shi, hoto 100 yana rage yashin ninki 10, hoto 2500 ninki 50.

Tsawon bidiyo yana da iyaka saboda Jupita bata zama. Duk girman nan nata, faɗin kilomita kusan 143,000, a awa 9 da minti 55 take juyawa, tsakiyarta na gudun kilomita 12.6 a sakan, a minti uku gajimarenta ya matsa sama da kilomita 2,000. Don haka minti biyu zuwa uku ka tsaya. Satun da Mars zasu ɗauki biyar. Kuma kar ka ɗauki ɗaya ka naɗe kaya, ɗauki goma, ɗauki ashirin, iska tana da sauyin hali, cikin awa guda zata iya baka minti huɗu na alheri kuma baka san yaushe ba. Tanadi wuri a kwamfuta, akwatin 400 sau 400 a gudun 200 na minti biyu hoto 24,000 ne, kusan gigabait 4, kuma in faifan ajiyarka ba SSD bane zai riƙa zubar da hotuna a hanya.

Watanni, inda daɗin yake

Manyan watannin Jupita huɗu su ne waɗanda Galileo ya fara gani a Janairun 1610 da teleskop ɗin da naka ya fi shi nesa ba kusa ba. Io yana zagaye cikin awa 42 da rabi, Yurofa kwana uku da rabi, Ganimid kwana bakwai da ɗan kai, Kalisto kusan kwana 17. Ganimid faɗinsa kilomita 5,268, ya fi duniyar Makyuri girma, amma daga nan aksakan 1.7 ne kacal, fiksel takwas a saitin da muka yi a sama. Duk da haka a dare mai kyau zaka ga shi faifai ne ba ɗigo ba, masu baki 250 zuwa sama har tabo-tabon jikinsa suna kamowa.

In kana son su huɗun a hoto ɗaya, cire Barlow ka buɗe filin gaba ɗaya, domin Kalisto yana nisa har ninki 13 na faɗin Jupita. Kuma hasken da ya dace da Jupita yakan bar Kalisto a duhu don jikinsa baƙi-baƙi ne. Sai kayi bidiyo biyu a jere ba tare da ka motsa komai ba, ɗaya na duniyar, ɗaya ka ƙara buɗi har ita ta ƙone fari watannin su fito, daga baya ka haɗa. Ba ha'inci bane in dai kowanne yana inda yake a daren kuma ka faɗa cewa haɗi ne. Wanda zai kwaso wata ya matso da shi kusa don hoto yayi kyau, wannan zane yayi.

Abin da nafi so a duk harkar nan shi ne ratsawar inuwa. Wata yana bi ta gaban Jupita, inuwarsa ta faɗa kan gajimaren, wato kana kallon husufin rana ne a wata duniyar daga inda kake zaune. Daren da na fara kamawa, Stellarium ta ce inuwar Io zata shiga, na zauna ina kallon gefen faifan ba komai, har na fara tunanin na rikita agogo, can sai naga gefen ya ɗan ɓare kamar an ciji bakin faranti, minti biyar bayan nan ɗigo ne baƙi ƙirin mai kaifi kamar an ɗiga tawada, yana tafiya a hankali a kan ɗamarar. Io ɗin kansa sai da na sha wuya kafin na gane shi, da ya hau kan farin gajimare sajewa yayi, sai kusa da gefe inda Jupita take da duhu ya fito kamar ƙwayar lu'ulu'u. Inuwar Io tana ɗaukar awa biyu da 'yan mintuna kafin ta ƙetare. Kafin ranar da Jupita ke fuskantar rana inuwa ce ke riga wata shiga, bayan ranar kuma wata ne a gaba inuwa na biye, a kwanakin tsakiyar kuwa kusan manne suke da juna.

A irin wannan daren rage tsawon bidiyo zuwa sakan 60 ko 90, saboda Io na gudun kilomita 17 a sakan, a minti uku ya kusa matsawa da faɗin jikinsa, sai ya fito a miƙe maimakon zagaye. Ɗauki guda duk bayan minti biyar har awa biyu, ka gyara su iri ɗaya ka jera, zaka samu ɗan fim na Jupita tana juyawa inuwa na ratsa ta, in kayi sa'a har da Babban Jan Tabo, ƙatuwar guguwar nan da ke ta tsukewa. Duk bayan shekara shida kuma akwai kakar da watannin suke rufe juna da kansu, anyi a 2021, sai ta 2026 zuwa 2027.

Satun tata daban ce. Taitan, babban watanta, wanda Christiaan Huygens ya gano a 1655, yana da sauƙi, zagayensa kwana 16, kuma in ka kula launinsa ruwan goro-goro ne. Riya da Tetis da Dayon sai ka kai buɗi zuwa rabin sakan ko sakan guda, Satun ta ƙone, ka haɗa daga baya. Iyafetus ɗan rainin hankali ne, gefensa ɗaya fari ɗaya baƙi, in yana yammacin Satun ya fito sarai, in ya koma gabas ya dusashe, Giovanni Cassini da ya gano shi a 1671 ya lura da haka tun a lokacin. Shi ne kuma ya ga tsagar da ke cikin zoben a 1675, mai faɗin kilomita wajen 4,800, kuma kama tsagar nan a zagaye ita ce jarrabawar kowane sabon shiga. Sai dai zoben ya juya mana gefe a 23 ga Maris 2025 ya zama kamar zare, yanzu yake sake buɗewa a hankali har ya kai cikar karkatarsa ta digiri kusan 27 wajen 2032, don haka in tsagar ta ƙi fitowa a shekarun farkon nan ba lallai laifinka bane.

Mars sai duk wata 26 take matsowa kuma ba kowace matsowa ce ta kirki ba, a Agustan 2003 ta kai aksakan 25, a 2018 ta haura 24 amma guguwar ƙura ta lulluɓe ta gaba ɗaya mutane suka yi ta ɗaukar jar ƙwallo ba zane, ta Fabrairun 2027 kuwa bata cika 14 ba. Duk da haka farar hular ƙanƙara da baƙin tabon Syrtis Major suna fitowa. Watanninta Fobos da Dimos, da Asaph Hall ya gano a 1877, hasken uwarsu yana haɗiye su, bar su sai ka ƙware. Zara matar wata kuma, wato Binas, bata da wata ko ɗaya amma ita kanta tana yin jinjiri da rabi kamar wata, sai dai kullum tana kusa da rana, don haka jira rana ta faɗi tukuna, kuskure ɗaya na juya teleskop ya haɗu da rana ya isa ya ƙona kyamara ko ya makantar da ido har abada.

A gaban kwamfuta

In da waya ka ɗauka ko da Dobson na turi, fara da manhajar PIPP, zata tsayar da duniyar a tsakiya, ta yar da hotunan da babu komai, ta haɗe guntayen. Daga nan AutoStakkert, manhajar da ke tace hotunan ta ɗora su, wadda Emil Kraaikamp ya rubuta. Buɗe bidiyon, kace mata duniya ce, ta tantance ta jera hotunan daga mafi kyau zuwa mafi muni. Ja ka duba da idonka inda suka fara lalacewa. Sai ka shimfiɗa akwatunan daidaitawa a kan faifan, matsakaita kamar fiksel 48, kar su yi ƙanana sosai don suna barin sawu kamar faci, in akwai wata a gefe shima ka ɗora masa akwatinsa. Kace ta fitar da kashi 10 da 25 da 50 a lokaci ɗaya ka gwada, a dare mai kyau babban kaso ke ci, a mummuna ƙarami.

Abin da zai fito zai yi laushi kamar an shafa masa mai, haka yake, bayanin yana ciki a kwance. RegiStax 6 ko AstroSurface ko waveSharp su ke tada shi. Ja sandar kaifi ta farko da ta biyu a hankali zakaga ɗamaru sun fashe sun zama igiyoyi da ƙulle-ƙulle, wallahi ranar farko sai ka miƙe tsaye. A nan ne kuma kowa yake zarcewa. Alamar ka wuce gona da iri ita ce gefen duniyar yayi layi biyu kamar an bi shi da biro, watanni su yi baƙin zobe, fuskar ta zama kamar fatar kada. In ka kai inda kake ganin yayi, koma baya da kashi ɗaya cikin uku, ka rufe, ka duba da safe da sabon ido. Daidaita kala uku su hau kan juna, ka gyara farin ta yanda fararen yankunan Jupita zasu zama fari mai ɗan ruwan ƙasa, ba shuɗi ba. In hannunka ya faɗa akwai WinJUPOS da ke warware juyawar duniya ta haɗa bidiyo biyar ko goma su zama hoto ɗaya mai santsi, sai dai tana jan watanni da inuwarsu su zama layi tunda su ba tare da gajimaren suke tafiya ba, dole ka ɗauko su daga hoto ɗaya ka mayar.

Abu na ƙarshe, saita agogon kwamfutarka da intanet kafin ka fara, ka bar manhajar ta riƙa sa lokacin UT, wato agogon bai ɗaya na duniya, a sunan kowane fayil, WinJUPOS bata aiki sai da shi. Kuma kar kayi saurin goge ɗanyen bidiyo. A 19 ga Yulin 2009 wani mai sha'awa a Ostareliya, Anthony Wesley, ya ga sabon baƙin tabo kusa da kudancin Jupita a teleskop ɗin bayan gidansa, ashe wani abu ne ya faɗa mata, sai daga baya manyan na'urori har da teleskop ɗin Hubble da ke sararin samaniya suka juya suka duba. A 3 ga Yunin 2010 shi da Christopher Go na Filifin suka kama walƙiyar wani karon a bidiyo, kowa daga ƙasarsa, abin bai wuce sakan biyu ba. Irin wannan walƙiyar ɗorawa tana shafe ta, a ɗanyen bidiyo kaɗai take zama, shi yasa akwai wata manhaja kyauta mai suna DeTeCt da zaka zuba mata bidiyoyin daren ta bincika maka su kafin ka share.